Bayan Ɗan Daba Ya Durƙusa a Fim, Ina Zai Kwana?

Ranar Asabar da ta wuce matasan majami'armu a nan Jos suka shirya kallon fim a harabar coci. An rataya farin zane a bango, an tayar da janareta, mata sun shimfiɗa tabarmi, yaran unguwa sun cika katanga. Fim ɗin na wani ɗan daba ne da ya addabi gari, daga ƙarshe ya ji wa'azi, ya yar da wuƙa, ya durƙusa yana kuka. Da aka zo wurin, na ga manyan mata suna share hawaye da gefen zane. Ni ma idona ya cika.

Washegari Lahadi, wani yaro da duk unguwa ta san shi da sara-suka ya shigo sujada. Ya zauna a bencin baya, kansa a sunkuye. Matar da ke kusa da shi, wadda na gani da idona tana kuka daren jiya, ta jawo jakarta ta ɗora a cinya ta rungume. Wani dattijo ya raɗa wa mai tsaron ƙofa cewa ya sa masa ido. Da aka tashi, ba wanda ya miƙa masa hannu sai fasto, shi ma a tsaitsaye. Yaron bai jira gaisuwar bakin ƙofa ba.

Wannan abu ya hana ni barci. Ba na zargin matar. Ƙila an taɓa ƙwace wa ɗanta waya, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Abin da ya dame ni shi ne yadda muka iya ƙaunar ɗan daban da ke jikin farin zane, muka kasa ƙaunar wanda ya zauna kusa da mu.

Ra'ayina shi ne finafinan nan suna da hannu a ciki. Ina son su, ba na goyon bayan a daina nuna su. Amma kusan dukkansu suna rufe labari a daidai inda ya kamata ya fara. Sun koya mana cewa tuba al'amarin dare ɗaya ne tsakanin yaro da Allah, mu kuma namu tafi da hawaye. Ba su nuna mana safiyar Litinin ba, lokacin da yaron zai farka a ɗakin da ya saba, da abokan da ya saba, da dillalin ƙwayar da ke binsa bashi, babu sisi a aljihunsa.

Inda aka samo samfurin

Duk wanda ya tashi a majami'a ya san fim ɗin da ake kira The Cross and the Switchblade, wato Gicciye da Wuƙa, ko bai riƙe sunan ba. Ya fito a 1970, an ɗauko shi daga littafin da ya fito a 1963. Shi ne kakan yawancin waɗannan finafinai, kuma labarinsa ya faru da gaske.

David Wilkerson matashin fasto ne a wani ƙaramin gari mai suna Philipsburg a jihar Pennsylvania ta Amurka. A 1958 ya ga zanen wasu yara bakwai a mujallar Life, ana yi musu shari'a kan kisan wani yaro ɗan shekara 15, Michael Farmer, wanda shan inna ta taɓa. Abin ya tsaya masa a rai har ya tuƙa mota zuwa New York, ya shiga kotu yana neman magana da alƙali. 'Yan sanda suka fitar da shi, jaridu suka buga hotonsa riƙe da Littafi Mai Tsarki. Bai samu ganin yaran ba. Sai dai wannan kunyar ce ta buɗe masa ƙofa, domin 'yan daban gari sun ga hoton, suka ce ashe wannan ma 'yan sanda ba sa ƙaunarsa, to namu ne.

A unguwar Brooklyn ya haɗu da ƙungiyar 'yan daba ta Mau Maus, da shugabansu Israel Narvaez, da wani mai zafin kai ɗan asalin Puerto Rico, Nicky Cruz. Nicky ya mare shi, ya yi masa barazanar kisa. Faston ya amsa masa cewa ko ya yayyanka shi gunduwa dubu, kowace gunduwa za ta ci gaba da ƙaunarsa. A wani taron wa'azi a zauren St. Nicholas, Israel da Nicky suka fito gaba suka tuba. A wannan daren fim ɗin ya kai ƙololuwarsa, mutane suka tashi da daɗin rai.

To ga abin da ya biyo baya. An ɗauke Nicky daga unguwar gaba ɗaya, aka tura shi makarantar Littafi Mai Tsarki a Kalifoniya, can ɗaya gefen ƙasar. Ya yi karatu, ya yi aure, ya zama mai bishara da duniya ta sani. Israel kuwa ya zauna a unguwa. Ba a daɗe ba ya koma cikin ƙungiya, aka yi kisa a faɗan ƙungiyoyi, aka ɗaure shi. Sai bayan shekaru ya sake dawowa ga bangaskiya.

Dare ɗaya suka tuba, wa'azi ɗaya suka ji, kuma ba ni da wani dalilin cewa hawayen Israel na ƙarya ne. Bambancinsu shi ne ɗaya ya samu wanda ya riƙe hannunsa ya fitar da shi, ɗaya an bar shi a bakin titi. Wilkerson da kansa ya gane haka. Bai tsaya ga tarukan wa'azi ba, ya buɗe gida a Brooklyn inda yaran za su zauna, su ci, su kwana, a yi jinyar jarabarsu ta ƙwaya. Gidan nan ne asalin Teen Challenge, wadda shirinta kan ɗauki kusan shekara guda ko fiye, ba dare ɗaya ba.

Mutumin da aka yi fim a kansa ya san cewa daren tuba mafari ne. Mu da muka kwaikwayi fim ɗin, daren kaɗai muka ɗauka.

"Kana raina ikon Allah ne?"

Wannan ce tambayar farko da wani ɗan'uwa ya jefo mini da na yi wannan magana a taron dattawa. Ya ce, "Baba, Allah da ya juyar da Shawulu a hanyar Dimashƙu cikin ƙiftawar ido, sai Ya jira shekara kafin Ya gyara ɗan sara-suka?"

Na ce masa mu buɗe wurin mu karanta tare. Ayyukan Manzanni sura 9 ba ta ƙare da hasken da ya kāda Shawulu ba. Ya yi kwana uku makaho, bai ci ba bai sha ba. Ubangiji Ya aiki Hananiya, Hananiya ya ji tsoro, ya kawo uzuri, don ya san abin da mutumin ya yi wa masu bi. Duk da haka ya tafi, ya ɗora masa hannu, ya kira shi ɗan'uwa. Da Shawulu ya je Urushalima, almajirai suka ƙi yarda da shi, suna tsoronsa. Sai da Barnaba ya kama hannunsa ya kai shi gaban manzanni ya tsaya masa. Bayan haka ma 'yan'uwa suka fitar da shi daga gari suka tura shi Tarsus saboda ana neman ransa.

Haske daga sama na Allah ne, ba mai jayayya. Amma Hananiya da Barnaba mutane ne irinmu, masu tsoro irin namu, kuma Allah bai ga dama Ya yi aikin ba tare da su ba. A finafinanmu akwai Shawulu da yawa. Barnaba ne ba na gani.

Yesu ma ya yi maganar aljanin da ya fita daga mutum, ya dawo ya tarar da gidan a share amma ba kowa, sai ya je ya gayyato bakwai da suka fi shi mugunta. Yaron da ya bar daba ya bar abubuwa da yawa a lokaci guda: abokai, abin da ke ba shi na abinci, sunan da ake jin tsoro, masu tare masa faɗa. In ba a cika gurbin nan da wani abu ba, me muke tsammani?

Maƙwabcina, malamin Islamiyya ne, da na ba shi labarin Nicky da Israel sai ya yi murmushi ya ce ai su ma suna da wannan. Ya karanto mini hadisin mutumin da ya kashe rai 99, ya cike na 100 da mai ibadar da ya ce masa ba shi da tuba. Malamin da ya samu daga baya ya ce masa ƙofar tuba a buɗe take, amma ya bar garinsu domin mugun gari ne, ya tafi inda ake bauta wa Allah. Na daɗe ina juya wannan. Addinan biyu sun san cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Masu shirya fim ne suka manta.

"Ai fim ne, ba rahoto ba"

Wasu za su ce mutane sun gaji da baƙin labari, fim ɗin bishara aikinsa ya ba da bege, a tashi zuciya wasai. Na yarda da rabin wannan. Na san mutum biyu da suka ce mini wani fim ne ya fara girgiza su, kuma har yau suna tsaye. Ba ƙaramin abu ba ne yaron da kowa ya sallama ya ga irinsa a allo ana ce masa Allah bai sallama shi ba.

Amma begen da aka gina a kan rabin gaskiya yana da tsada, kuma yaron ne ke biya. Ya ga a fim cewa da an yi addu'a jarabar wiwi da tramol ta tafi. Shi kuwa ya tuba ranar Lahadi, ranar Laraba jikinsa na rawa, kansa kamar zai tsage, ranar Juma'a ya sha. Sai ya yanke wa kansa hukunci: tubana bai karɓu ba, ni ba irin waɗanda ake ceto ba ne. Mu ma da muka kalli fim ɗin tare da shi sai mu ce, ai dama mun faɗa, tuban muzuru ne.

Kalmar nan, tuban muzuru, ta kashe yara da yawa a zukatanmu tun kafin wuƙa ta kashe su. E, akwai masu tuban ƙarya, musamman in an ce gwamnati za ta raba jari. Amma wanda ya faɗi sau uku yana tashi ba muzuru ba ne. Duk likitan da ke jinyar masu shaye-shaye zai gaya maka komawa ruwa wani ɓangare ne na hanyar warkewa ga mutane da yawa. Fim ɗin da ya nuna faɗuwar da tashin zai fi ba da bege, don yaron zai ga kansa a ciki.

Masu cewa a hana gaba ɗaya

A ɗaya gefen akwai masu ganin duk fim ɗin da ya nuna daba koyar da daba yake yi. A 2024 hukumar tace finafinai ta Kano ta hana nuna harkar daba a finafinan Kannywood saboda irin wannan tunani. Ban goyi bayan rufe baki kan abin da ke faruwa a titi ba, amma kukansu yana da tushe, kuma ya shafi finafinan coci ma.

Ka lura da yadda ake raba lokaci. Sa'a ɗaya da rabi ɗan daba yana shanawa: shi ne mai kuɗi, shi ake sara wa, kiɗa mai daɗi na tashi in ya shigo, kyamara na ɗaukarsa daga ƙasa ya zama ƙato. Minti goma na ƙarshe ya tuba, a sa masa riga mai dogon hannu, ya zama salihi marar magana. Yaro ɗan shekara 12 da ke kan katanga, wanne zai so ya zama? Na ji yaran unguwarmu suna kwaikwayon takun ɗan daban daren Asabar. Ban ji mai kwaikwayon addu'arsa ba.

Rayuwar daba ta gaskiya ba haka take ba. Kwanan kango ce, da gudun 'yan sanda, da ɗinkin sara ba allurar kashe zafi, da ɗan siyasar da ya ba ka dubu biyu ranar zaɓe ya manta da kai ranar rantsuwa. A nuna wannan. Ba sai an hana fim ba in an daina yi wa daba kwalliya.

Uwar wanda aka kashe

Ga abin da ya fi ci mini rai. A labarin Wilkerson, kowa ya riƙe sunan Nicky Cruz. Mutum nawa ne suka riƙe sunan Michael Farmer, yaron da mutuwarsa ce ta fara komai?

Haka finafinanmu suke. Wanda aka sara a minti na 20 ya gama aikinsa, an yi amfani da jininsa don a nuna mana muguntar jarumi. Uwarsa ba ta sake fitowa. In ta fito, to don ta yafe ne nan take, a rungume juna, kiɗa ya tashi. Ba a ba ta damar yin fushi, ba a ba ta damar cewa ba ta shirya ba tukuna.

Wannan ba koyarwar Littafi ba ce. Da Zakka mai karɓar haraji ya tuba, a Luka sura 19, bai tsaya ga kuka ba. Ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Tuban da bai bi ta ƙofar wanda aka cuta ba, da sauransa. Ina so in ga fim ɗin da tubabben zai je gidan mai shagon da ya fasa, a kore shi, ya sake komawa, ya yi wata shida yana biya da kuɗin dako. Ina so in ga wanda zai kai kansa ofishin 'yan sanda, ya yi zaman kurkukunsa yana mai bi. Gafarar Allah ba ta share haƙƙin mutane, kuma matar da ta rungume jakarta a coci tana da ikon ganin alama kafin ta saki jiki.

Talauci ne, in ji wasu, ba addini ba

Wannan ba zan daɗe a kai ba, don masu aikin da gaske sun riga sun amsa. A Los Angeles akwai limamin Katolika, Fada Greg Boyle, wanda ya fara aiki da 'yan daba a 1988 a unguwar Boyle Heights. Ya binne matasa fiye da 200. Abin da ya kafa, Homeboy Industries, ya fara da neman wa yara aiki, sannan gidan burodi a 1992, sannan goge zanen ƙungiya daga fuska da wuya kyauta don mutum ya iya zuwa neman aiki. Yana sa 'yan ƙungiyoyin da ke gaba da juna su kwaɓa fulawa a tebur ɗaya. Bangaskiya ce ta ajiye shi a wurin shekaru fiye da 30, kuma bangaskiyar ce ta sa ya sayi tanda.

A ƙasar El Salvador kuwa, an daɗe da sanin cewa, a lokacin da ƙungiyoyin daba irin su MS-13 ke da ƙarfi, kusan hanya ɗaya da suke barin mutum ya fita da ransa ita ce ya zama cikakken mai bi. Kuma suna sa masa ido; in suka ga wasa yake yi, ransa na cikin haɗari. Su kansu 'yan daban ba sa auna tuba da hawayen dare ɗaya. Da zaman yau da gobe suke aunawa.

Mu ma a nan mun ga yadda ake tara tubabbu, a jera gariyo da barandami a gaban 'yan jarida, kamar yadda 'yan sandan Kano suka yi a 2023. Abu ne mai kyau, amma shi ma daren tuba ne. Ko sara-suka a Jos da Bauchi, ko kalare a Gombe, ko ƙauraye a Katsina, tambayar ɗaya ce: bayan hoto, wane kafinta ne zai karɓe shi a shago ya bar shi da guduma da kuɗin ciniki?

Akwai wani wuri a labarin Wilkerson da na fi so fiye da wurin durƙuso. A daren taron nan, kafin kowa ya tuba, ya kira 'yan Mau Maus ya ce su karɓi baiko. Suka zagaya suka tara kuɗi, hanyar komawa dandamali kuma ta bi ta bayan labule inda akwai ƙofar fita waje. Kowa ya ɗauka sun gudu. Suka dawo da kuɗin cif. An amince musu tun suna 'yan daba, amanar ce ta fara karya zuciyar Nicky kafin wa'azi ya ƙarasa. Mu kuwa muna jira sai yaro ya zama waliyyi kafin mu bar shi ya riƙe mana tsintsiyar coci.

Da yammacin Talata na je neman yaron nan. Na same shi a bakin wata rumfar cajin waya. Da ya gan ni ya miƙe da sauri, ya ce, "Baba, lafiya? Wani abu ya ɓata a cocin ne?"

Na ce masa ba abin da ya ɓata. Na tambaye shi ko ya iya wata sana'a. Ya ce ya taɓa fara koyon walda kafin maigidan ya kore shi. Akwai mai walda a cikin dattawanmu, kuma yana cikin waɗanda suka yi kuka daren Asabar. Na yi masa magana, ya yi shiru mai tsawo, ya ce in ba shi mako guda ya yi shawara da iyalinsa, don shagon a jikin gidansa yake kuma yana da 'yan mata. Ban matsa masa ba. Na dai ce in ya amince, duk abin da ya ɓata a shagon a wata ukun farko ni zan biya.